Muhawara: Shin Ɗan Sa Kai a Laburare Zai Iya Koya wa Babba Turanci Har Ya Tsaya da Ƙafarsa?

Ummu Aisha:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ra'ayin waɗanda suka san harkar koyarwa, da waɗanda suka taɓa hulɗa da laburaren jama'a a ƙasashen da Turanci ne harshen hukuma da wurin aiki. A nan Amurka, laburaren da ke kusa da ni ya fitar da sanarwar neman 'yan sa kai da za su riƙa koya wa manya Turanci, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, ana haɗuwa sau ɗaya ko sau biyu a mako a cikin ginin laburaren. Su ne za su ba da wurin zama da littattafai da horo, kai kuma ka ba da lokacinka ba tare da an biya ka komai ba. Zuciyata ta karkata ga shiga, amma abubuwa biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, anya wannan tsari yana kai ɗalibi inda yake buƙatar zuwa, ko kuwa hankalin hukuma kawai yake kwantarwa don a ce ana yin wani abu? Na biyu, mutum irina, wadda a makaranta ta koyi Turanci ba a bakin uwa ba, tana da hurumin zama gaban wani ta ce za ta koyar da shi?

Malam Dattijo:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya saka miki da alheri da wannan niyya. Tsarin da kike magana a kai yana da dogon tarihi, kuma sanin tarihin zai taimaka wajen amsa tambayarki ta farko. A farkon shekarun 1930, wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna Frank Laubach yana koyar da karatu cikin Musulmin ƙabilar Maranao a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin. Da malamai masu albashi ya fara, amma da karayar tattalin arzikin duniya ta sa kuɗin da ake aiko masa ya yanke, sai aka koma ga ƙa'idar cewa duk wanda ya iya karatu ya koya wa mutum ɗaya. Wannan ƙa'ida ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, kuma a 1955 Laubach ya kafa ƙungiyarsa a birnin Sirakus na jihar New York. A wannan birnin ne kuma, a 1962, Ruth Colvin ta kafa tata ƙungiyar ta 'yan sa kai, bayan ƙidayar 1960 ta nuna mata cewa sama da mutum 11,000 a birnin ba su iya karatu yadda ya kamata ba. Ƙungiyoyin biyu sun haɗe a 2002 suka zama ProLiteracy, wadda har yau laburarori da yawa ke amfani da kayan horonta. A Amurka, da farko aikin na yaƙi da jahilci ne tsakanin waɗanda Turanci ne harshensu, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa baƙi masu koyon harshen. Abin da ya ɗore tsawon waɗannan shekaru, ina ganin ba za a kira shi aikin banza ba.

Abu Yasir:

Baba, tare da girmamawa, tarihin da ka kawo shi ne babbar hujjata. Kai da kanka ka ce an koma ga 'yan sa kai ne saboda kuɗin albashin malamai ya yanke, wato dabara ce ta lokacin rashi, ba zaɓin da aka yi don ya fi kyau ba. Abin da nake tsoro shi ne dabarar lokacin rashi ta zama tsari na dindindin a ƙasashen da ba su rasa kuɗi ba.

Mu yi lissafi. Ostareliya tana da shirin gwamnati na koya wa manyan baƙi Turanci tun 1948, kuma shekaru da yawa tana ba kowane ɗalibi awa 510 kyauta a gaban ƙwararren malami. A 2021 ta cire wannan iyaka, domin ta tabbata cewa awannin ba sa isar mafi yawan ɗalibai su kai matakin da za su yi aiki da harshen. To ɗan sa kai da ke ba da awa biyu a mako, ko bai taɓa fashi ba, kusan awa 100 zai tara a shekara, kenan sai ya shafe shekara biyar kafin ya kai adadin da wata ƙasa ta riga ta ce bai wadatar ba. A Amurka akwai dokar tarayya ta 2014 da ta tanadi kuɗin ilimin manya, har da koyon Turanci, amma a garuruwa da dama mutum sai ya rubuta sunansa ya jira kafin ya sami gurbi a aji. Na san za a ce mini da babu gara ba daɗi. Ni damuwata ita ce wannan maganar ce ke sa masu tsara kasafin kuɗi su daina jin matsin lamba.

Hajiya Mai Littattafai:

Malam Abu Yasir, lissafinka daidai ne, ba zan musa ba, amma ina aiki a laburaren jama'a kuma ina son in gyara hoton da ake da shi na yadda shirin yake tafiya, domin mutane da yawa suna ɗauka kujeru biyu da tebur kawai muke bayarwa.

Idan ɗalibi ya zo, ma'aikaciyar da ke kula da shirin, wadda ake biya albashi, ita ke fara zama da shi. Tana gwada yadda yake ji da yadda yake magana da karatunsa da rubutunsa, domin waɗannan huɗun ba sa tafiya tare. Akwai wanda bakinsa ya faɗa da Turanci saboda wurin aiki amma ba zai iya cike fom ba, akwai kuma wanda yake karanta jarida amma idan waya ta yi ƙara gabansa ke faɗuwa. Sannan ta tambaye shi abin da ya kawo shi: lasisin tuƙi ne, ko jarrabawar zama ɗan ƙasa, ko yana son ya yi magana da malamar ɗansa ba tare da tafinta ba. Bayan haka ne ake duba jerin 'yan sa kai a nemo wanda lokacinsa da halinsa suka dace, kuma idan mace ta ce mace take so ta koya mata, ana mutunta wannan. Shi ma ɗan sa kai ba a sakar masa ɗalibi sai ya halarci horo, an binciki bayanansa, ya kuma yi alkawarin tsayawa na wasu watanni. Duk wata yana kawo rahoton awannin da suka yi da inda suka kai.

Wannan duka kuɗi yake ci, shi ya sa nake cewa shirin 'yan sa kai ba kyauta ba ne, kuma duk laburaren da ya ɗauka kyauta ne shirinsa rushewa yake yi. Jihar Kalifoniya tun 1984 take ware kuɗi don aikin koyar da manya karatu a laburarorinta. Ƙungiyar Laburarori ta Amurka ta yi shekaru tana raba tallafi ga laburarori musamman don manya masu koyon Turanci, da kuɗin gidauniyar kamfanin shaguna na Dollar General. Laburaren Queens a birnin New York kuwa tun 1977 yake da shiri na musamman don sababbin baƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya a kan kyakkyawar niyya kaɗai.

Dalilin da ya sa laburare ya dace da aikin shi ne ba ya karɓar kuɗin shiga, yana buɗe da yamma da ƙarshen mako, kuma wanda ya gan ka ka shiga bai san abin da ya kawo ka ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ke jin nauyin a san cewa yana koyon baƙi da wasali.

Baba Direba:

Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don haka bari in yi magana a matsayin wanda aka koya wa. Na yi shekaru ina aiki da Turancin baka, amma duk takardar da ta shigo gida sai na jira yarinyata ta dawo daga makaranta ta karanta mini, har da takardun asibiti waɗanda bai kamata 'ya ta ji abin da ke cikinsu game da mahaifinta ba. Na taɓa shiga aji mai ɗalibai da yawa, amma lokutan aikina suna canzawa, idan na yi fashi biyu sai in tarar an wuce ni, kunya kuma ta hana ni ɗaga hannu.

Malamin da laburare ya haɗa ni da shi tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya. A zamanmu na farko ya tambaye ni ko akwai takarda a aljihuna, sai na ciro wasiƙar da makarantar ɗana ta aiko. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya sa yatsa a ƙarƙashin layin farko, ya ce in nuna masa kalmomin da na riga na sani. Na yi mamakin yawansu. Ya ja layi ƙarƙashin ranar taro da wurin sa hannu, ya nuna mini cewa irin wannan wasiƙa kusan kullum a wuri ɗaya take ajiye waɗannan abubuwa. Mako na gaba kwalbar maganina muka karanta. Ban taɓa samun ajin da zai tsaya a kan kwalbar maganin mutum ɗaya ba, kuma ba laifin malaman aji ba ne, ba za su iya ba ne.

Sai dai Malam Abu Yasir yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Kafin wannan dattijon an haɗa ni da wani matashi, muna cikin tafiya ya daina zuwa ba sallama, na zauna ina kallon ƙofa har lokacin ya ƙare. Da mai kula da shirin ba ta kira ni ta ba ni haƙuri ta nemo mini wani ba, da ban sake komawa ba, domin na ɗauka ni ne na gajiyar da shi.

Malama Zinariya:

Baba, Allah ya ƙara basira, labarinka ya nuna cewa gemu ba ya hana ilimi. Ni malamar Turanci ce ta manya da aka horar, kuma ina goyon bayan 'yan sa kai, amma akwai inda nake ganin ana ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Ɗalibin da ya yi makaranta a harshensa ya riga ya san cewa rubutu sauti yake wakilta, ya san riƙon alƙalami da bin layi da amfani da ƙamus. Wanda bai taɓa karatu da kowane harshe ba kuwa aiki biyu ne a kansa lokaci guda: koyon sabon harshe da koyon karatu kansa. Turanci kuma ba ya sauƙaƙa masa, domin haruffa 26 ne ke ɗaukar sautuka kusan 44, harafi ɗaya ya yi sauti daban a kalmomi daban. Irin wannan ɗalibi shi ya fi kowa buƙatar ƙwararre, amma sau da yawa shi ake tura wa ɗan sa kai, saboda aji ya kasa tafiya da shi. A nan nake ganin laburare ya kamata ya yi hattara, ya sa ƙwararren malami ya tsara darussan, ɗan sa kai ya zama mai bita. Haka kuma a daina lissafa wanda ke karatu da haruffan Larabci cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan ya san karatu, haruffa da alkiblar rubutu ne kawai suka sauya masa.

Kurakuran sababbin 'yan sa kai kusan iri ɗaya ne. Suna cika magana har ɗalibi ya tashi bai buɗe baki ba. Suna gyara kowane kuskure nan take har ya ji tsoron furta jimla. Wasu kuma littafin yara suke ɗaukowa su miƙa wa mai jikoki. Akwai wata hanya mai sauƙi da horo mai kyau ke koyarwa: ɗalibi ya ba da labarin wani abu daga rayuwarsa da Turancin da yake da shi, malami ya rubuta kalmominsa, sannan wannan rubutun ya zama abin karantawa. Tun da maganarsa ce, ma'anar ba ta ba shi wahala, sai hankalinsa ya koma kan yadda kalmomin suke a rubuce.

Ummu Aisha:

Na gode ƙwarai, na ƙaru da kowa. Malama, tambayata ta biyu tana nan: furucina ba irin na 'yan ƙasa ba ne, ba na son in cuci ɗalibi.

Malama Zinariya:

'Yar'uwa, ki cire wannan daga ranki. Masu magana da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda aka haifa da shi yawa a duniya, kuma abin da ɗalibinki yake nema shi ne a fahimce shi, shi ma ya fahimta. Furucin 'yan ƙasa yana jin sa kullum a titi da wurin aiki da talabijin. Abin da ba ya samu a can shi ne wanda ya san inda harshen yake da santsi. Wanda aka haifa da Turanci sau da yawa ba zai iya bayyana dalilin da ya sa ake faɗin abu haka ba, sai dai ya ce haka ake faɗi. Ke kuwa kin taɓa tuntuɓe a wurin, kin san yadda kika tsallake.

Abu Yasir:

Na yarda da Malama a kan wannan, amma ina da sharaɗi. Idan aka haɗa malami da ɗalibi masu harshe ɗaya, akwai haɗarin darasi ya koma hira da harshen gida, awa ta ƙare ba a yi Turancin kirki ba. Ni da a ce ni ke haɗawa, da na raba su.

Malam Dattijo:

Ɗana, a nan ban bi ka ba. Ga mai farawa daga tushe, jimla ɗaya da harshensa tana warware abin da za a ɓata minti goma ana nuni da hannu ba a warware ba, kuma tana sa ya saki jiki ya dawo mako mai zuwa. Maganin abin da kake tsoro shi ne a yi yarjejeniya tun farko, bayani da harshen gida idan an cije, atisaye kuma da Turanci zalla, ana rage na farkon yayin da ɗalibi ke ƙarfi. Idan ya yi nisa, sai a tura shi zauren hira na laburaren, inda zai gauraya da mutanen da ba su da harshen da ya haɗa su sai Turanci.

Hajiya Mai Littattafai:

Tun da Ummu Aisha tana shirin shiga, akwai wani gargaɗi da ya fi batun furuci muhimmanci. Da zarar ɗalibi ya amince da ke, zai fara kawo miki takardun shige da fice da na kotu da na haya, yana neman ki faɗa masa abin da zai yi. Kina iya taimaka masa ya karanta ya gane kalmomin, amma shawarar shari'a ba aikinki ba ce, kuskure ɗaya a irin wannan fom yana iya jawo wa iyali babbar asara. Ki mayar da shi wurin mai kula da shirin, ita ta san inda ake samun lauyoyi masu taimako. Jarrabawar zama ɗan ƙasa daban ce, wannan ana iya shirya ɗalibi a kanta, tun da a ɓangaren Turanci ana son ya karanta jimla ɗaya daidai cikin uku, ya rubuta ɗaya daidai cikin uku, jami'i kuma ya auna maganarsa a lokacin ganawa. Haka nan ba a haɗuwa a gidan kowa, ba a ba da rance, kuma abin da ɗalibi ya faɗa miki game da halin da yake ciki amana ce.

Malam Abu Yasir, dangane da tsoronka, abin da na gani shi ne rahotannin 'yan sa kai da jerin masu jiran gurbi su ne hujjar da muke kaiwa gaban majalisar gari idan muna neman a ƙara azuzuwa. 'Yan sa kai da yawa kuma, bayan sun zauna da ɗalibi sun ga wahalarsa da idonsu, su ne ke tashi a taron kasafin kuɗi su yi magana.

Abu Yasir:

Hajiya, wannan ya rage mini damuwa, amma bai kawar da ita ba. Zan gamsu da shirin da ya cika abubuwa uku: akwai ma'aikaci mai albashi da ke kula da shi, ana tura ɗalibi aji na ƙwararru da zarar gurbi ya samu maimakon a riƙe shi, kuma ana auna ci gabansa da ma'auni sananne, ko da irin matakai shida na A1 zuwa C2 da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001 ne. Idan ba a aunawa, ta yaya za a bambanta malamin da ke koyarwa da wanda ke taya hira kawai?

Baba Direba:

Malam, a auna, ban ƙi ba, amma a tambaye mu ma. Ranar da na shiga wurin likita ni kaɗai, na bar yarinyata a makaranta, babu jarrabawar da ta rubuta wannan. Kuma ina roƙon Hajiya ta kai kukan matanmu gaba: maiɗakina tana son shiga, amma babu mai riƙe mata ƙaramin yaro, darasin waya da aka ba ta kuma ya gagara saboda hayaniyar gida.

Hajiya Mai Littattafai:

Baba, a wurinmu ana rubuta burin da ɗalibi ya faɗa tun ranar farko, ana kuma sa alama idan ya cim masa, tare da gwajin da Malam Abu Yasir yake nema, don haka zuwanka wurin likita yana shiga rahoto. Batun raino kuwa shi ne ya fi hana mata zuwa, kuma ba kowane laburare ke da ikon ɗaukar mai raino ba. Wasu suna daidaita darasin uwa da lokacin karanta wa yara labari a sashen yara, wasu kuma suna barin uwa ta shigo da jaririnta ɗakin darasi idan malamar ta amince. Ka ce wa maiɗakinka ta faɗi wannan buƙata tun a zaman farko da mai kula da shirin, domin da ita ake duba wadda za a haɗa ta da ita. Ummu Aisha, idan lokacinki ya ba da dama, ki sanar da su cewa za ki karɓi ɗaliba mai goyo da safe, domin wannan gurbin ne muka fi rasa mai cike shi.